Ƙwayar Baba da Alwalar Azahar

Mahaifina ya yi shekaru yana fataucin shanu, amma ban taɓa jin ya yi tinƙaho da garke ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne: alwalar da ya yi ta Azahar ita ke kai shi har Isha'i.

Da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, hoton asibiti ya nuna wasu jijiyoyin jini sun cukurkuɗe a hantarsa, suna ɗora wa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta. Likitarsa, wata 'yar Filato mai haƙuri, tana bincike kan ko maganin sa fitsari zai sauƙaƙa wa masu irin wannan ciwon. Baba ya yarda ya shiga binciken. Ƙwaya ɗaya ce a rana, ni kuma da iyayina na zaɓa masa bayan abincin rana, wai kada ta tarar da ciki wayam.

Mako uku, kumburi sai gaba yake yi. Dakalin ƙofar gidanmu a Ƙofar Kware ma sai da haki yake hawansa. Na tsorata ƙwarai, na fara sallamawa zuciyarsa ba za ta kai mu damina ba.

Ranar da zan ba da rigarsa wanki na tarar da ƙwayoyin a aljihu, ƙulle a leda.

"Baba, mi na wanga?" na tambaye shi.

Ya kau da kai. "Ɗiyata, in na sha abin ga, kahin La'asar na kama ruwa sau huɗu. Ni da buta gaban jama'a, awa yaro?"

Na so in yi faɗa, sai dariya ta ƙwace mini, hawaye na biye da ita. Ashe ba magani ne ya gaza ba.

Da muka koma muka faɗa wa likitar, ba ta tsawata masa ba. Ta ce, "Baba, ku riƙa sha da zarar kun idar da Asuba. Kafin Azahar ya gama yawancin aikinsa."

Wata bai cika ba ya zura takalminsa da kansa, ya taka zuwa masallaci babu mai riƙe shi. Da ya dawo daga Isha'i ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga murya don mahaifiyata ta ji: "Da alwalar Azahar niy yi ta!"

Ita ta ce masa sannu da ƙoƙari. Ni ƙafafunsa nake kallo.