Kuɗin Takin Umaru

Ban taɓa mantawa da ranar da manaja ya aike ni Kende neman wani abokin cinikinmu ba. Lokacin ina kashiya a wani shagon cacar wasanni a Bagudo. Damina ta kankama, ƙwallon Turai ta tafi hutu, ba abin da ya rage a allonmu sai besbol na Amurka. Ba wanda ya taɓa kallon wasan a cikinmu, amma ɗan caca ko tseren ƙadangaru ka sa masa sai ya zaɓi ɗaya.

Bari in yi wa sababbi bayanin ƙa'idar. A besbol rabin ƙarfin ƙungiya yana hannun mai jefa ƙwallo. Shi ya sa tikiti iri biyu ne. Ɗaya yana ɗauke da sunan mai jifan da zai fara wasa. In aka canza shi, tikitin ya mutu, sai a mayar wa mutum abin da ya zuba, ko ƙungiyarsa ta ci ko an ci ta. Ɗayan ba ruwansa da suna, kowa ya yi jifa cacar tana nan.

Umaru, wanda aka aike ni nema, manomin shinkafa ne. Ya zuba kuɗin takinsa kaf a kan ƙungiya guda, ni na buga masa tikiti mai suna. Ƙungiyar ta sha kashi, ya ga sakamako a wayar wani, bai sake leƙo mu ba. Bai san mai jifan ya ji ciwo a kafaɗa an sa wani ba. Kuɗinsa suna nan lafiya, sai dai in wa'adin tikiti ya cika sun zama na kamfani.

Da manaja ya ce in je in kira shi, har na fara yaba masa tausayi. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin wanda aka mayar wa kuɗi ya wuce bakin ƙofa da su ba.

Na iske Umaru a fadama, shinkafarsa ta yi ruwan ɗorawa saboda rashin taki. Na yi masa bayani har sau biyu. Ya cire hula ya zaro tikitin, ashe bai yar ba. Ya ce ya riga ya dafa Alƙur'ani gaban mahaifiyarsa cewa ba shi ba shagonmu. Na ce wannan mai sauƙi ne, mai tikiti ake biya, ya ba ni in karɓo masa. Ya daɗe yana kallon takardar, ya dubi gonar.

"Malam, ba ka san ni ba," ya ce. "In kuɗɗin ga sunka dawo hannuna, ba taki za su saye ba. Tun da sunka tafi, kwana huɗu ke nan ina samun barci."

Ya saki tikitin cikin ruwan gona, ya taka shi da ƙafa.

Na ji haushinsa a hanya, don man babur ɗina na ƙona. Na gaya wa manaja ban same shi ba. A shekarar shinkafarsa ba ta yi abin kirki ba, na ji a kasuwa.

Abin da na koya shi ne, ƙa'idar mayar da kuɗi gaskiya ce, ba cuta a cikinta, amma mu ta fi yi wa aiki. Shekara shida ina biyan mutane ta tagar shagon nan. Wanda na tabbata ya fita da riba shi ne wanda bai zo karɓa ba.