Sista Noeleen, Wadda Ta Hana Mu Kwanciya

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, Allah ya yi wa Sista Noeleen Brannock rasuwa a gidanta da ke garin Hay, tana da shekara saba'in da huɗu. Kwana biyu kafin nan aka haifa mini jikata ta farko. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna don kuka sai murna ta tashe ni, in na tashi da murna sai na tuna babu ke, Sista.

Sista, shekara talatin da ɗaya na yi ina askin tumaki. Awa takwas a duƙe, tunkiya tsakanin gwiwoyi, taba a baki duk hutu. Mu masu aski magani ɗaya muka sani idan baya ya riƙe: a ciro ƙyauren ɗaki, a shimfiɗa shi a ƙasa, mutum ya kwanta a kai sati uku ko huɗu. Haka ubana ya yi, haka na yi. A kan ƙyauren kika same ni ranar da matata Glenys ta kira ki daga asibitin gari.

Kika tsaya a kaina kika ce, "Clarrie, gawa aka kira ni in gani ko mai ciwon baya?"

Na ce, "Sista, hutawa nake yi."

Kika ce, "Yunwa kake kashe bayan nan da ita, tsoho. Tashi."

Kika ɗauko soso daga kicin ɗinmu, kika tsoma a ruwa, kina matsawa kina saki. Kika ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ba shi da jijiyar jini tasa, daga ƙashin sama da na ƙasa yake tsotsar abincinsa, kuma motsi ne ke taimaka masa, kamar soson nan. Doguwar kwanciya tana hana shi, taba kuma tana tsuke 'yan hanyoyin da abincin ke bi. Wanda ya riga ya bushe ya lotsa ba zai dawo ba, amma sauran ana iya ceto su.

Abin da ya fi ci mini rai kin san shi. 'Yata Tegan ta girma ban taɓa ɗaukarta daga ƙasa ba, sai dai a ɗora mini ita a cinya. Na faɗa miki wannan sau ɗaya. Ba ki ba ni haƙuri ba. Cewa kika yi, "'Yar ta wuce ka. Jikan muke nema."

Kin ba ni takardar motsa jiki, na dawo bayan wata guda ina yin komai a baibai. Kika dubi takardar, kika dube ni, kika gane ban iya karatu ba. Ba ki faɗa wa kowa ba. Kika zana mini mutane da fensir, sannan kika rubuta sunana a makarantar yamma. Ina da shekara hamsin da biyu na fara haɗa baƙi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tafiya bakin kogi kowace safiya, babu taba. In kika hango ni a benci daga motarki sai ki danna oda har in miƙe.

Ranar Lahadi na durƙusa kamar yadda kika koya mini, baya a miƙe, na ɗauko yarinyar daga gadonta da hannuna biyu. Kilo uku da rabi. Na zaga ɗakin da ita sau bakwai, har Tegan ta ce, "Baba, za ka sa ta jiri." Na ce ba zan faɗa miki a waya ba, sai Laraba, in kawo ta ki gani da idonki. Na yi jinkiri da kwana ɗaya.

Jiya na rungumi jikar tawa, na taka da ita har ƙofar gidanki. Mijinki Lindsay ya fito ya nuna mini kujera. Na ce a tsaye zan yi gaisuwar, ya ce ya sani.

Allah ya yi miki rahama, Sista, ya sa kwanciyarki hutawa ce. Ke kin cancanta. Ga Lindsay, da 'ya'yanki Fergus da Bronwyn, da duk mai askin da ya mayar da ƙyaurensa jikin ƙofa saboda ke, Allah ya ba mu haƙuri.

Clarrie Duggan, Hay