Ƙarafan da ke ƙafar ɗana

Bazara ce, ƙarshen kwasar albasa. Shekarar nan kowa a kusa yake. Ko a bakin rijiya magana kaɗan sai a ɗaga guga. A cikinta ne babbar mota ta kife a hanyar Tsarnawa, buhuna suka danne ɗana, wanda ke aikin lodi. Da aka jawo shi, ƙashin ƙwaurinsa ya huda fata ya fito, fari fat, da ƙasa a jiki.

A gidan likita na Konni aka soka masa ƙarafa ta cikin ƙashin, kawunansu a waje, aka ɗaure su da wani sandan ƙarfe. Ranar sallama likita, wanda mutanenmu ke kira lokotoro, ya ce mini an lulluɓe ƙarafan da wata fata ta roba wadda ta fi ɓawon albasa siranta, ido ba ya ganinta. A cikin na'ura ake hura ta da iska mai lantarki har ta manne. Muddin tana nan, ƙwayar cuta ba ta samun wurin kamawa. Jini da ruwa ba su cire ta, amma kankara da zafi suna cire ta. Na ce ya maimaita, don a ajin yaƙi da jahilci, wanda ake kira lakwal ɗin tsofaffi, na koyi tambaya sau biyu. Ya maimaita, ya ƙara da cewa in ruɓa ta bi ƙarfe ta shiga ƙashi, ƙafar sai yanka.

Mahaifinsa yana ci-rani, don haka magana a gidan ta yayan mijin nawa ce, maƙeri. Shi kuwa duk zuwansa dubiya sai ya ƙura wa ƙarafan ido, ya ce wanga abu mai ja a gindinsu tsatsa ce. Busasshen jini ne, amma wa zai gaya masa?

Wata rana bayan azahar ina daka na ji ihu. Na tarar da maza sun danne ɗana a tabarma, ɗaya a ƙirji, ɗaya a cinya. Yaya na durƙushe da magagari yana gurzar ƙarfen ƙasa, ƙafar duk tana girgiza, ga man shanu yana tafasa a kasko.

Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta shiga maganar ɗan fari a gaban mutane. Na tsaya bakin ƙofa, taɓarya a hannuna.

"Yaya, likita ya ce kar a kankare."

"Ke, ina bugun ƙarfe tun likitanki bai yi haƙori ba. Koma ga turminki."

Na kan ƙirjin ya ce, "Lakwal ɗin tsofaffi ta yi rana, mun samu lokotoro a gida!" Suka yi dariya.

Yaya ya ɗauki kaskon zai zuba a gindin ƙarfen. Ɗana ya juyo da ido, bakinsa duk kumfa, ya ce, "Inna!"

Taɓaryar ta sauka a wuyan hannun Yaya, na ji ƙas, kamar karan dawa. Man ya watsu a ƙafata, fatar ta saɓule. Ya tashi ya kwaɗa mini mari da ɗaya hannun har na bugi bango, bakina ya cika da jini. Na rarrafa na kife a kan ƙafar yaron. Suka ja ni ta zane, ta gashi, ban saki ba.

"Ku fara kankare ni tukuna," na ce, a hankali, don bakin ba ya buɗuwa.

Mata suka shigo da salati, mazan suka fita. Ƙarfe ɗaya yana ƙyalli kamar sabon cokali, sauran suna nan da dusashewarsu. Kafin la'asar ta yi sanyi naman da ke kewaye da mai ƙyallin ya kumbura, ya ɗauki zafi.

Da safe na ɗaure ƙunata da tsumma, na ari amalanke da jaki wurin maƙwabta, muka shimfiɗa yaron a kan katifa. Hanya ta gaban maƙera ta bi. Yaya na zaune, hannu a naɗe. Na sauka na durƙusa na ce, "Yaya, ina kwana." Ya kau da kai. Na hau, na ɗora ƙafar a cinyata don kar gargada ta taɓa ƙarfen, na kora jakin zuwa Konni.