Ƙayar kifi a wuyan Malam Idi

Jama'a, yau kifin tafki ya kusa raba ni da aminina Malam Idi!

Muna cin soyayyar karfasa a bakin ruwa, sai ya dafe wuya, ido ya yi ja. Ƙaya ta maƙale! Mai kifi ta ce, "Baba, haɗiyi lomar tuwo, kar ka tauna." Ya haɗiye, shiru. Ya ƙara, sai yawu da jini. Wani ya ce a kira masunci ya yi masa tofi.

Na ce a'a! Na ga haka a Akara, can ayaba suke turawa, a Lome burodi, kuma ban ga ƙayar da ta ji magana ba. Idi ya noƙe. Na ce, "Wallahi ko a kafaɗa sai na kai ka likita." Na ɗora shi kan kabu-kabu, sai asibiti.

Lokotoro, wato likitan, ya haska wuyan ya ce mini, "Alhaji, a bakin hanyar abinci akwai zoben nama. Kullum a tsuke yake, don kar iska ta shiga ciki. In an haɗiya, maƙogwaro ya ɗaga, zoben ya buɗe, loma ta wuce, ya rufe. Dab da shi ƙayar ta soke, tuwon ƙara danna ta ya yi."

Ya sa hantsaki, sai ga ta kamar allura!

Da murya ta dawo, Idi bai ce na gode ba. Cewa ya yi, "Alhaji, wa ka bar wa kan kifina?"