Bangon Lukuman Tela

Lukuman tela bai taɓa ajiye littafin awo ba. Shekara goma sha bakwai yana ɗinki a unguwar Dilimi, kuma duk wanda ya kawo yadi sai ya tsayar da shi jikin bangon shago, ƙarƙashin rumfar kwano, ya ja layi da gawayi a kafaɗa, a wuyan hannu da inda rigar za ta tsaya, sannan ya yi masa alama. Direba taya, mahauci wuƙa. Hammajoda, wani dogon makiyayi da ke shigowa ta Titin Bauchi, ƙaho.

A daminar 1979, ana tsakiyar zaɓe, ya wayi gari ya tarar an rubuta taken wata jam'iyya da jan fenti a gefen bangon da rumfar ba ta kai ba. Kafin azahar, mutum biyu 'yan ɗaya jam'iyyar sun zo sun karɓe yadinsu. Ya kankara da wuƙa, fentin ya ƙi fita. Sai ya kai kuka ofishin masu tsaftar gari, har sau huɗu.

"Oga Dantong, ni ne dai," ya ce wa akawun.

"Malam Tela! Kai ba ka gajiya? Za mu zo."

"Yaushe?"

"In mota ya samu mai."

Da azumi ya raba, ya bi ta unguwar Kabong ya ga irin aikin masu tsaftar: ba rubutun kaɗai suke shafewa ba, bango suke lulluɓewa da farar ƙasa daga sama har ƙasa. Awon kayan Sallar mutum talatin na jikin nasa bangon. Ya koma ofis da sassarfa.

"Jiya ku zo, yau kar ku zo," in ji Dantong yana dariya. "An riga an sa hannu, Malam."

Daga ranar, duk ƙarar babbar mota sai ya saki keken ɗinki ya leƙa. Ya fara kwashe awon da zare, kowane layi ƙulli guda, amma ɗinki ya yi masa yawa. Saura mutum shida ya tafi Juma'a. Ya dawo ya tarar da bango fari fat.

Da la'asar aka tsuge da ruwa. Farar ƙasar ta wanke daga kan jan fentin, taken ya fito raɗau. Ta ƙarƙashin rumfa kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Biyar daga cikin shidan 'yan gari ne, ya sake auna su. Hammajoda yana daji da shanu, sai jajibirin Sallah. Kwana uku Lukuman na shimfiɗa farar shaddar makiyayin yana naɗewa. A ƙarshe ya tuna mutumin yakan sunkuya in zai shiga shago, ya kintata da tsayin ƙofa, ya yi bisimilla, ya sa almakashi.

Ranar jajibiri Hammajoda ya zura rigar. Da kyar ta wuce gwiwa. Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi farin bangon.

"Tela, ina ƙahona?"

Lukuman ya faɗa masa. Hammajoda ya naɗe rigar, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Bai sake kawo ɗinki ba.

Tun daga nan a bangon cikin shago Lukuman ke jan layinsa. Jan rubutun kuwa yana nan, shekara bayan zaɓe.