Tattabarun Baba

Babanmu ba ya shan taba. Haka aka sani a gidanmu, haka aka sani a layinmu na unguwar Kilomita Biyar a Bangui, haka kuma aka sani a sahun gaba na Masallacin Koudoukou, inda yake zama kowace Juma'a cikin farar babbar riga. Abin da yake yi kawai shi ne, da ya gama cin abinci sai ya miƙe ya kakkaɓe jiki ya ce, "Bari in duba tattabaru." Sai ya zagaya bayan ɗaki, inda akurkinsu yake jingine da katanga.

Tattabarun kuwa tun lokacin tashin hankalin da aka yi a gari suka watse, ko gashin ɗaya bai dawo ba. Amma Baba bai fasa duba su ba. Yakan daɗe a can, wani siririn hayaƙi na tasowa ta saman kwano, sannan ya fito yana taunar kanumfari, ya yi wanka da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Inna, mahaifiyarmu, takan ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Yaya tattabarun, Alhaji?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, sun ƙoshi." Ban taɓa ganin ta yi ko murmushi ba. Ita ce kuma take ɗinke 'yan hujojin ƙuna a gaban rigunansa, tana tsine wa dutsen guga na gawayi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ba a unguwarmu yake saye ba, don duk mai tebur a nan ɗan abokinsa ne ko jikan abokinsa. Har unguwar Miskine yake takawa, wajen wata mata da yake ganin ba ta san shi ba. Matar nan kuwa duk sanda ta haɗu da Inna a kasuwa sai ta gaishe ta da Sango, yaren gari, ta tambaye ta jikin maigida da tarinsa.

Ni ce 'yar fari, kuma duk Bahaushe ya san abin da wannan yake nufi. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa tun da daɗewa, ƙannena ma Sango ya fi zama a bakinsu, amma kunyar ɗan fari ta biyo mu har Bangui ba ta rage ko ƙwayar gero ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi bango ya ce, "Wai babu mai ba mutum ruwa a gidan nan?" In zai yi zancena da Inna, "waccan" nake. Na yi aure a unguwar Kokoro, na haihu, na buɗe rumfar atamfa a kasuwa, har yau ni ce waccan. Ba ƙiyayya ba ce, na sani, amma ina yarinya abin yakan ci mini rai.

Wata damina tarin ya tsananta. Ya zama in Baba ya fara, sai ya dafa bango, idanunsa su yi ja, mu kuma mu yi tsit muna jiran numfashin ya dawo. Ranar da ya kasa kai raka'a ta biyu a tsaye, Inna ta aiko a kira ni, na ɗora shi a tasi muka tafi asibiti. Likitan wani matashi ne mai fara'a. Ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye shi da Sango ko yana shan taba. A gabana! Baba ya gyara zaman hula ya ce sam. Likita ya kama hannunsa ya juya, ya dubi yatsu biyun nan da suka rine kamar an sa musu lalle. Baba ya ce goro ne. Ni kuwa na duƙufa ina karanta wata takardar allurar yara da ke manne a bango, kamar za a yi mini jarrabawa a kanta.

Da muka fito likitan ya ja ni gefe. Ya ce ƙirjin tsohon nan ya gaji, in ya ci gaba da goron nan nasa, wata daminar ba lalle ta same shi ba. Abin da ya fi shi ne ya bari gaba ɗaya. In kuma ya gagara, akwai sigarin lantarki da ake yi wa caji, wanda ba ya ƙona ganye, tururi yake fitarwa. Ya ja kunnena cewa ba magani ba ne, shi ma yana da tasa illar, kuma wanda bai taɓa sha ba kada ya kusance shi, sai dai ga mutum irin Baba ya fi abin da yake zuƙa yanzu sauƙi. Na yi godiya. Tsoro ya kama ni sosai, don ban shirya zama marainiya ba.

Samun abin bai yi wuya ba. Wani ɗan kasuwa mai kawo kaya daga Duwala yana da su a bayan kanta, tare da 'yan kwalaben ruwan da ake ɗurawa. Na ce ya ba ni mai ƙamshin dattawa. Ya ce mai mangwaro kaɗai ya rage. Wahalar ita ce, ta yaya 'yar fari za ta miƙa wa ubanta abin da zai maye masa gurbin taba, alhali uban ba ya shan taba?

Na jira ya tafi sallar La'asar, na zagaya bayan ɗaki. Rabona da wurin tun ina budurwa. A cikin akurkin akwai wata tsohuwar ƙwarya, a cikinta kwalin sigari da ashana, an rufe da tsumma. Na ajiye abin a gefen kwalin, na mayar da tsumman yadda na same shi. Kwalin ban taɓa shi ba, hannuna ya ƙi.

Saura koyarwa. Da ya dawo ya kishingiɗa a tabarma da rediyonsa, na zauna kusa da Inna a bakin murhu na ɗaga murya kamar mai tallan kifi.

"Inna, kin ji abin da mijin maƙwabciyata ya samo? Wani ɗan abu kamar alƙalami. Wai danna maɓallin ake yi a riƙe, sannan a ja a hankali."

Inna ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ikon Allah. A hankali kika ce? Ba da ƙarfi irin na masu haɗama ba?"

"A hankali, Inna. In aka ja da ƙarfi shaƙewa ake yi."

Muka ji an rage ƙarar rediyo.

"To, in wutarsa ta ƙare fa?" in ji Inna, tana juya miya.

"Sai a sa shi caji kamar waya. Ruwan kuma ta ƙasa ake buɗewa a ɗura."

Daga tabarma aka yi gyaran murya, aka ce wa bango, "Mutanen yanzu dai ba su da aikin yi." Sannan aka mayar da ƙarar rediyo.

Washegari ina gidan da hantsi, da gangan. Baba ya gama karin kumallo ya tafi duba tattabaru. Ba a jima ba sai ga wani farin gajimare ya taso daga bayan ɗaki, ya haye katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Ashe bai ja a hankali ba. Muka ji tari, muka ji salati, sai kuma maƙwabciyarmu ta ƙwalla ihu da Sango wai gobara, ta watso ruwan wanki bokiti guda ta saman katanga. Baba ya fito sharkaf, kumfar sabulu a hula, yana ƙamshin mangwaro a lokacin da ko ɗanyensa babu a kasuwa. Na cusa fuska cikin mayafi, cikina har ciwo yake don dariya. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yaya tattabarun, Alhaji?" Ya ce, "Sun yi wanka."

Daga nan abu ya zauna. Kowace safiya Inna takan tarar da ɗan alƙalamin a kan taga, ba wanda ya ajiye shi. Sai ta haɗa shi da wayoyin gida a jikin batirin sola, in ya cika ta mayar da shi kan taga, ba wanda ya ɗauke shi. Ta raɗa masa suna fitilar tattabaru. Ni kuma in na zo gaisuwa sai in bi ta bayan ɗaki in ajiye sabuwar kwalba. Kwalin sigarin yana nan cikin ƙwarya, tsumman da ke kansa har ya yi ƙura. Tarin bai tafi duka ba, amma Baba ya koma sallah a tsaye, rigunansa suka huta da allurar Inna. A masallaci, an ce, wani dattijo da ke kusa da shi a sahu ya tambaye shi inda yake sayen turaren nan mai sa yunwa.

Sai damina ta zagayo, hanyar Kamaru ta lalace, manyan motoci suka maƙale. Na je wajen mai kanti ya ce ruwan ya ƙare, sai kaya sun iso. Na zaga duk inda na sani, babu. Kwalbar ƙarshe ta ƙare, Baba ya zama wani mutum dabam. Ya yi faɗa da rediyo, ya yi faɗa da miya, ya kori kajin maƙwabta da carbi. Inna ta aiko mini cewa ya fara tsayawa a ƙofar gida yana kallon hanyar Miskine. Maganar likita ta dawo mini, barci ya ƙaurace wa idona.

Ina rumfa da rana tsaka, ina auna wa wata mata yadi, sai na ga inuwar babbar riga a kan atamfofina. Baba ne. Tunda na buɗe rumfar nan bai taɓa tako ta ba. Na rasa inda zan sa kaina, na jawo masa kujera, na durƙusa na gaishe shi. Ya zauna ya dubi kayan, ya ce wa wani turmin atamfa kasuwa ta yi wuya bana. Ya ce wa rufin rumfa ruwan sama ya yi yawa. Da matar ta tafi, ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin nan mai ƙura, ya ɗora a kan atamfa.

Sai ya kira sunana. Sunana na yanka, wanda shi ya raɗa mini, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Riƙe mini wannan. In yana hannuna zan sha, kuma ba na son in mutu in bar ku."

Na ce, "To, Baba." Na ɗauki kwalin na tura ƙarƙashin kaya, na juya baya ina ta ninke atamfar da take a ninke, hawaye na ɗiga a kanta. Kafin in juyo ya tafi.

Na rufe rumfa a lokacin, na hau babur na shiga cikin gari, kanti kanti, har na dace a wani shagon kayan waya. Mai ƙamshin cingam ne kaɗai da su, na karɓa da hannu biyu. Kafin Magariba na bi ta bayan ɗaki na ajiye a cikin ƙwarya.

Likita har yanzu yana nan a kan bakansa, wai a rage ruwan sannu a hankali har a rabu da alƙalamin ma, kuma muna kan hanya, ko da yake tafiyar ta tsofaffi ce. Kwalin yana rumfata, ƙarƙashin atamfofin da ba sa tafiya. Sunana kuwa ban sake jin sa ba. Da na je gaisuwa washegarin ranar da ya zo rumfata, Baba yana kishingiɗe yana ƙamshin cingam kamar ɗan makaranta. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa bango. Sannan ya juya wajen Inna ya ce, "Ki gaya wa waccan, tattabaru sun gode."