Rijiyar da ke Ƙarƙashin Tsakar Gidanmu

A tsakar gidanmu na Zongo akwai wata rijiya da kakanmu ya haƙa tun zuwansa daga Arewa. Da aka ja mana famfo sai aka daina shan ruwanta, aka kifa mata kwanon rufi, aka danne da dutse. Haka muka taso muna kewaye ta.

Shekarar da yayana ya samu buɗi a cinikin shanu, sai ya ce ya gaji da taɓon damina, zai shimfiɗa wa tsakar gida pabe, bulon nan na siminti da ake jerawa a ƙasa kamar na titi. Yayan nan nawa in ya ƙudura abu, gara ka yi magana da bango.

Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta sa aka kira shi. Ta ce, "Kai, rijiya ba a yi mata murfi a tafi. Cike ta ake yi da yashi har baki, damina ta bi ta kai, a ƙara wani yashin."

Ya ce, "Haba Iya, wannan ai aikin da ne. Magini ya ce kankare zai zuba, ko mota ta hau ba abin da zai same shi."

Ni na ga kankaren da idona. Katakai suka gicciya, suka zuba abin da bai kai kaurin tafin hannu ba, suka bi da yashi, suka jera pabe. Wallahi ya yi kyau, har maƙwabta na shigowa kallo. Amma bulon iri ɗaya ne ko'ina, ba mai iya nuna maka inda rijiyar take. Sai Iya.

Ta ɗauko 'yar kujerarta ta dasa a gefen wurin. Tun safe tana nan da carbi da sanda. Yaro na dosowa za ta ɗaga sandar: "Kewaya, ɗan nema!" 'Yan hayan gidanmu suna ta dariya, wai tsohuwa ta rikice tana gadin ƙasa. Ni ban ga abin dariya ba. Ina da 'ya mai rarrafe, kuma na lura in an yi ruwa yana kwanciya ko'ina ban da nan. Zurarewa yake yi, da wata ƙara can ƙasa kamar ana kurkure baki. Tsoro nake ji sosai. Na yi wa yayana magana, ya ce ni da Iya bakinmu ɗaya, mu ƙyale shi ya sha iska.

Iya ta rasu ana tsakiyar damina. Ranar addu'a gida ya cika maƙil, mata har daga unguwar Agoè mai nisa. Ina madafa ina fama da rabon masa, ashe an ɗauke kujerar an jingine ta a bango, an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi daga ƙofa har bakin ɗakuna. Da na fito sai na hau dube-dube. Kujerar ce alamata, kuma babu ita. Mata zaune cinya da cinya, yara suna tsallake ƙafafunsu, na duba na duba na kasa gane wurin. Na samu yayana a waje na raɗa masa. Ya harare ni ya ce, "Yau ɗin ma?"

Bayan la'asar aka watse. Muna naɗe tabarmi, na iso kan ta tsakiya, inda aka kwantar da ƙananan yara saboda inuwar rumfa. 'Yata tana cikinsu tana barci. Muka kwashe su, na ja tabarmar.

Pabe ya lotsa, zagaye sak, daidai faɗin bakin rijiya. Yashin da ke tsakanin bulon yana zurarewa a hankali, ba a ma jin saukarsa. Na ƙanƙame 'yata.

Yayana ya zo ya tsaya a bayana yana kallon wurin. Can ya je bango ya ɗauko kujerar Iya, ya ajiye a gefen wurin ya zauna. Sai ga ɗansa ya fito daga ɗaki da gudu.

"Kewaya!" in ji yayana.